Ƙugiya da alhamza: kada kwamfuta ta sake raɗa wa 'ya'yanmu suna

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Umdurman a 'yan watannin nan zai lura da wani layi da ba na burodi ba ne, ba kuma na gawayi ba. Layi ne na masu neman takarda, a ƙofar shagunan da ke da kwamfuta da injin ɗaukar hoton takardu. Wannan shahadar haihuwar ɗansa ta ƙone, wancan shahadar makarantarsa ta salwanta a hanyar gudu, waccan kuma so take a cike mata takardar neman rakam watani. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 bai tsaya ga gidaje da shaguna ba, ya haɗa har da rajistoci. Yanzu da jama'a ke dawowa, musamman tun bayan da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025, ana sake rubuta sunayenmu daga farko: a makarantu, a takaya inda ake raba abinci, a asibitoci, da jerin masu karɓar taimako. Kuma galibi a waya ko kwamfuta ake shigar da su.

Maganata ɗaya ce. Sunan da ya shiga na'ura a karkace a wannan lokaci, a karkace zai bi yaro har girmansa. Kuma ba gaskiya ba ne abin da ake yawan faɗa mana cewa "kwamfuta ba ta karɓar irin sunayenku". Tana karɓa sarai. Inda ta ƙi, mutum ne bai saita ta daidai ba, kuma muna da haƙƙin cewa a gyara.

Ni aikina koyarwa, kuma abu na farko da aka nuna mana a kwalejin horar da malamai shi ne riƙon rajista: ka rubuta sunan yaro cikakke, nasa da na uba da na kaka da na kakan uba, ka karanta masa ya ji. Bari in ɗan yi bayanin inda rajistar take zama a yau. A cikin kusan kowace wayar zamani akwai wani ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite, wanda wani Ba'amurke, D. Richard Hipp, ya fitar a shekarar 2000. Ba a wata babbar na'ura mai nisa yake ba, a cikin manhajar kanta yake zaune, fayil ɗaya ne tak a cikin wayar. Lambobin mutanenka da saƙonninka na WhatsApp a irin wannan rumbu suke kwance. Shi ya sa lokacin da sadarwa ta ɗauke a yawancin ƙasar nan a Fabrairun 2024, wanda ya buɗe wayarsa ya ci gaba da ganin tsofaffin saƙonninsa. Irin wannan rumbu da ba ya jiran intanet shi ya fi dacewa da halin da muke ciki, kuma da shi matasa da yawa ke haɗa 'yan manhajojin rajista na makaranta da na shago. To, a nan ne sunanka zai kwana, don haka ya kamata ka san yadda ake kwantar da shi.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1963 aka tsara wani jadawali a Amurka mai suna ASCII, mai gurabe 128, inda kowane harafin Turanci ya samu lambarsa; babban A shi ne 65. Daga baya kowane yanki ya yi nasa jadawalin mai gurabe 256: Windows-1256 na Larabci, Windows-1252 na Yammacin Turai. Babu ko ɗaya cikinsu da ya san da ɓ, ɗ ko ƙ. Sai a 1991 aka fito da Unicode, wanda manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa shi kaɗai, kuma haruffanmu masu ƙugiya suna ciki tun farkon shekarun 1990: ƙ ita ce U+0199, ɗ ita ce U+0257, ɓ ita ce U+0253. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato hanyar da ake adana waɗannan lambobi. A UTF-8 harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, ƙ kuma bayit biyu, daidai da abin da ق ko ع ke ci. Ka riƙe wannan, mai karatu: duk na'urar da ta iya ajiye Larabci da UTF-8, ta iya ajiye ƙugiya. SQLite kuwa tun 2004 yake ajiye rubutu da Unicode.

To me ke kawo ɓarnar da muke gani a takardun da ake bugo mana? Iri uku ce, kuma kowace da hukuncinta. Idan ka ga Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, ko ƙ ta koma Æ™, an ajiye sunan daidai da UTF-8 ne, sai aka buɗe fayil ɗin da tsohon jadawalin Turai, ya ɗauki bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu. Wannan yana gyaruwa, a sake buɗewa da tsarin da ya dace kawai. Idan ka ga ɗan akwati babu komai a gurbin harafin, sunan lafiya lau yake, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, sai a canza salo. Amma idan ka ga alamar tambaya, ?anladi, kuma aka riga aka ajiye shi haka, harafin ya tafi kenan. An tura shi cikin jadawalin da ba shi da gurbinsa. Babu gwanin da zai dawo da shi sai an koma an tambayi mai sunan. Wanda ke da yara ɗari biyar a rajista ya san abin da hakan ke nufi.

Sai alhamza, ɗan waƙafin nan na sama da ke cikin Sa'adatu, Shu'aibu, Mu'azu, Ja'afaru, Rabi'atu, da kalmar 'ya'ya. A wurinmu baƙi ce mai zaman kanta. A harshen SQL da ake ba rumbun umarni da shi kuwa, ita ce alamar da ke buɗe magana ta kuma rufe ta. Idan mai manhaja ya manna sunan kai tsaye cikin umarnin, 'Sa'adatu', rumbun zai karanta Sa, ya ga alhamza ya ɗauka magana ta ƙare, sauran kuma ya zame masa shirme, sai ya ƙi. Maganin da aka tanada shi ne a kuɓutar da alamar, wato a nuna wa na'ura cewa wannan ta cikin suna ce. A SQLite ninka ta ake yi: 'Sa''adatu'. A wasu harsunan kwamfuta karan da ya kwanta baya ake sa mata, Sa\'adatu. A shafukan intanet takan koma Sa&#39;adatu, a wasu fayilolin kuma ƙ takan koma \u0199. Duk waɗannan kayan tafiya ne, kamar ƙunshin da ake naɗe kaya da shi, in an isa sai a kwance. Ranar da ka ga ɗaya daga cikinsu a kan takardar da aka buga maka, an manta an kwance ƙunshin ne, ko an naɗe shi sau biyu.

Hanyar da ta fi duka ita ce kada a cusa suna cikin umarni sam. A aika umarnin daban da gurbi a buɗe, a aika sunan daban, rumbun ya haɗa su da kansa. SQLite ya tanadi wannan, kuma ba wani aiki ne mai wuya ba. Amma mai gaggawa yakan bi gajeriyar hanya: ko ya sa manhajar ta goge duk alhamza, ko ta ce maka ka sa "harafin da ba a yarda da shi ba". Kuma ga abin da shugabannin makarantu da masu shaguna ya kamata su ji: manhajar da sunan Sa'adatu ke iya rikitawa, ɓarawo ma zai iya rikita ta. Ta wannan ƙofa ce masu kutse ke shigar da nasu umarnin su kwashe ko su goge bayanai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran da zai kare sunan yarinyar shi ne zai kare kuɗin makarantar.

Na ga yadda abin ke ƙarewa. Wata ɗalibata, bari mu kira ta Sa'adatu, an rubuta sunanta a jerin tallafin kayan makaranta na wata ƙungiya. Wanda ya fara shigarwa ya sa alhamza miƙaƙƙiya, wanda ya zo tantancewa wayarsa ta sa mai lanƙwasa. A ido ɗaya suke, a wurin na'ura lambobi biyu ne daban, U+0027 da U+2019. Ya nema bai gani ba, ya sake shigar da ita, wannan karon babu alhamza ma. Ranar rabo sunan uba ɗaya, sunan kaka ɗaya, yara biyu a jeri. Aka ce an yi rajista sau biyu, aka ajiye su duka "sai an bincika". Uwar ta yi sawu uku a ƙafa. Babu wanda ya yi niyyar cutar kowa, amma yarinya ta shiga aji babu littafi, kuma aka bar uwarta da kunyar zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Akwai wata kuma da malamai za su gane nan take. A tsarinsa na asali, SQLite da lamba yake jera sunaye, ba da abacada ba. Tun da lambar Ɗ ta fi ta Z girma, Ɗahiru da Ɗanjuma can ƙasan Zulaihatu za su faɗa. Mai duba jeri ya leƙa wajen D bai gani ba, sai ya ce wa uba "sunan ɗanka babu". Haka nan idan aka ce ya mayar da suna manyan baƙaƙe, haruffa 26 na Turanci kawai yake juyawa in ba a ƙara masa kayan aiki ba, sai ɗanladi ya fito ɗANLADI. Duk waɗannan suna da magani, amma sai mai haɗa manhajar ya san da su.

Na san abin da wani zai ce: Ustaz, ai mu takardunmu na hukuma da Larabci ake rubuta su, ina ruwanmu da ƙugiya? To, ɓangaren Larabcin ma bai tsira ba. أحمد da احمد suna biyu ne a wurin rumbu. Haka فاطمة da فاطمه, haka عبد الله da عبدالله. Lambobin ٠١٢٣ da 0123 ma ba ɗaya ba ne a wurinsa. Lambar wayar da ta fara da sifili kuwa, idan aka ajiye ta a matsayin adadi maimakon rubutu, sifilin faɗuwa yake, a kira a ji ba ta shiga. Wannan ya shafi kowane ɗan Sudan. Mu namu ya ɗara, domin sunayenmu na gida suna da sautukan da Larabci ba shi da su. A nan ƙasar da ق ake rubuta sautin g, don haka Garba da Gambo da ق suke farawa. A ajamin kakanninmu kuwa غ ce g, ق kuma ita ce ƙ, ط ita ce ɗ, ڟ ita ce ts. Wato abin da magatakardan Umdurman ya rubuta Garba, almajirin Kano Ƙarba zai karanta. Sautin c kuma wani ya rubuta تش, wani ش, wani ج. Sunan kaka ɗaya, 'yan'uwa uku, rubutu uku. Sannan in an zo fasfo ko takardar jami'ar waje, a sake juya Larabcin zuwa boko bisa kunnen wanda bai taɓa jin sunan ba.

Wani kuma zai ce, ana fama da yunwa da kwalara da rashin wuta, kai kana maganar ɗigo da ƙugiya? Ban raina wannan magana ba. Sai dai abincin da maganin ta jeri ake raba su, kuma jerin da suna ake yin sa. Ga mu Hausawan Sudan kuwa, takarda ba ta taɓa zama ƙaramin abu ba. Kakanninmu sun zo ta hanyar hajji ƙarni bayan ƙarni, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Sun yi noma a Jazira da Gadarif da Kasala. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, kafin dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Hujjar mutum a irin wannan bincike ita ce silsilar sunayensa. Idan sunan kaka a takardar uba bai yi daidai da na takardar ɗa ba, wanda danginsa ba a taɓa yi musu tambaya ba za a ce kuskuren bugu ne. Mu kuwa mun san tambayar da ke biyo baya. Wanda ya tuna abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan me ake nufi da a ce maka baƙo a garin da aka binne kakanka.

Akwai kuma masu ganin sauƙi shi ne a bar sunan gidan gaba ɗaya, a rubuta na Larabci zalla, a huta. Kowa da zaɓinsa a kan 'ya'yansa, ba na zargin kowa. Amma a bambanta wanda ya zaɓa da wanda na'ura ta zaɓar masa. An yanka rago ran bakwai, an raɗa suna a gaban jama'a, bai kamata wani akwatin cike takarda ya warware wannan ba. Kuma ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ta raba ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, faɗa da fada, ɓari da bari. Tun shekarun 1930 aka shigar da ita rubutun boko, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Da yawa sun saba zubar da ita ne a zamanin gajeren saƙon waya, domin harafi ɗaya mai ƙugiya yana rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70. To ai saƙon Larabci ma 70 ɗin ne, kuma ban ga wanda ya daina rubuta Larabci saboda haka ba.

Me za a yi? Abubuwa ne da ba sa cin kuɗi.

Iyaye, sunan da ke kan tsohuwar takardarku ta hukuma shi ne ma'auni. A kwafe shi harafi da harafi a kowace sabuwar takarda, har da hamza da tazara, ko da rubutun bai yi muku daɗi ba. In akwai kuskure a ciki, ofishin sijil madani ake zuwa a gyara bisa ƙa'ida, ba a shagon kasuwa ba. 'Yan'uwa su zauna su daidaita yadda ake rubuta sunan uba da na kaka, a rubuta a takarda ɗaya, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Kuma kada ka bar gaban mai kwamfuta sai ka karanta abin da ya buga, ko an karanta maka. Minti biyu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da sakamakon shahada ya fito ba ranar gyaran suna ba ce.

'Yan'uwana malamai da mudirai, kafin ku amince da kowace manhajar rajista ku yi mata jarrabawa kamar yadda muke yi wa yara. Ku shigar da suna mai Ɗ da ƙ da alhamza, da wani na Larabci mai hamza da ة, da lambar waya mai sifili a gaba. Ku nemo su, ku jera su, ku fitar da fayil, ku buɗe shi a wata kwamfutar, ku buga a takarda. In sun fito yadda suka shiga, ta ci. In ba haka ba, a mayar wa mai ita. Ku nemi gurbi biyu ga kowane yaro: sunansa da Larabci kamar yadda yake a takardar hukuma, da sunansa da boko kamar yadda ake kiransa a gida. Duk lokacin da za a fitar da fayil a zaɓi UTF-8. Kuma kada a jefar da rajistar takarda. Mun ga abin da wuta ke yi wa takarda, mun kuma ga abin da sata ke yi wa waya, kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asiri.

Matasanmu masu haɗa manhaja da masu shagunan kwamfuta a kasuwa, ku ne magatakardan wannan zamani, kun gaji kujerar masu rubuta wa mutane takardun ƙorafi a ƙofar kotu. Ku aika suna daban da umarni. Ku ajiye suna yadda mai shi ya bayar, sannan ku yi wani gurbi na bincike kawai, inda za ku daidaita hamza da alhamza da ƙugiya don nema ya yi sauƙi, ba tare da kun taɓa na asalin ba. Lambar waya da lambar shaida rubutu ne, ba adadin lissafi ba. Allon rubutun Hausa kuma yana nan a Gboard, kyauta. Wanda ba shi da shi ya danna ya sauke. Har haruffan ajamin Yammacin Afirka Unicode ta ƙara wasu a 2016 da 2020, saboda haka uzurin "babu harafin" ya ƙare.

Ƙungiyoyin da ke rajistar jama'a kuwa, roƙona shi ne idan suna ya fito sau biyu ko ya ƙi fitowa, a fara zargin na'ura kafin a zargi mutum. A kira mai sunan a tambaye shi. Shi ya fi kowa sanin sunansa.

Gidaje za a sake ginawa, kasuwa ma tana farfaɗowa rumfa bayan rumfa. Rajistar da ake rubutawa yau ita za a kwafa a yi ta gobe, daga ita a yi shahada, daga shahada a yi fasfo, daga fasfo a yi takardar gado. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu tsaya a rubuta mu daidai tun yanzu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.